Tofi a Kwalbar Gwaji

Duk Ƙofar Taramniya ba wanda bai san bakina ba. Mahauci ya ɗanɗana shi ran da ya auna mini ƙashi da sunan nama. Masu kabu-kabu in sun hango lulluɓina daga nesa sai su gyara zama. Malamar Islamiyya ma sai da na wanke ta tas a gaban ɗalibanta ran da ta sa ɗiyata shara cikin rana. Ni Atika ba a taka ni in yi shiru. Amma akwai wata safiya da ya kamata in buɗe bakin nan in ce kalma ɗaya tak, in ce a'a, ban ce ba. Labarinta zan ba ku.

Shamsiyya ita ce autata, shekararta shida a lokacin. Da ciwon zuciya anka haife ta. Likita ya taɓa zana mana a bayan kati, wai akwai huda a tsakiyar zuciyar, kuma hanyar da jini ke bi zuwa huhu ta matse. Ni zanen bai dame ni ba. Abin da na sani shi ne in ta yi kuka mai ƙarfi, leɓɓanta da faratanta sai su yi shuɗi kamar an tsoma su a ruwan baba, numfashi ya sarƙe, ta sulale ƙasa. Daga ɗakina zuwa bakin rijiya sai ta tsuguna ta huta. Don haka duk gidan munka koyi zama da ita ba tare da an sa ta kuka ba. Ba a yi mata tsawa, ba a yi mata kitso mai zafi, in kuwa allura ce sai an kwana biyu ana lallashi.

Maganinta ɗaya ne, a yi mata aiki a zuciyar, kuma irin aikin da ba a yi a garin nan sai in likitocin waje sun zo. Shekara huɗu sunanta na cikin littafin masu jira a babban asibiti. Shekarar da anka ce za su zo, korona ta rufe duniya. Sai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021 Dakta Illo, likitan yara da ke duba ta tun tana goye, ya kira ni ina tsakar tankaɗe.

Ya ce, "Maman Shamsiyya, ajiye abin da kike yi ki saurara. Baƙin sun iso. Kwana takwas za su yi, yara sha biyu za su yi wa aiki, kyauta. Taku ce ta huɗu, ranar Laraba. Nata babba ne, shi ya sa anka sa ta da wuri, don su samu kwanakin sa mata ido bayan an gama."

Wallahi rariyar ta faɗi daga hannuna, garin ya watse, ban ko kalle shi ba.

Ya ce, "Sharaɗi ɗaya ne. Sai an yi mata gwajin korona an ga ba ta da ita. Ɗaki guda za a kwantar da yaran bayan aiki, ƙirjinsu a ɗinke. In mai cutar ya shiga cikinsu an gama da su. Ku zo Litinin."

Ranar Litinin munka je ni da ita. Babanta Jelani yana wurin aiki, malamin sakandare ne. Wurin gwajin wata rumfa ce a gefen asibiti, da benci biyu da ma'aikata cikin riguna na leda. A gabanmu akwai wata yarinya da ta girmi Shamsiyya. Uwarta ta rungume ta ta baya, wata ta danne kanta, anka zaro wani dogon tsinke mai auduga a baki anka zura mata a hanci. Ni da nake babba sai da na runtse ido, don tsinken tafiya yake kamar ba zai tsaya ba. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta yi ta harbe-harbe har ta zubar da kwandon shara. Na juyo na ga Shamsiyya ta ƙanƙame gefen zanena, leɓɓan har sun fara sauya launi tun ba a taɓa ta ba.

Nan fa na tashi. Na ce ba wanda ya isa ya soka wa ɗiyata wannan abu, ku duba katinta mana, ko idanunku ado ne? Yarinyar da ake kaffa-kaffa da kukanta ita za ku sa ihu? Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita su ba.

Wata nas ce ta fito daga ciki, doguwa, mai sanyin murya, Sista Wasila. Ta karɓi katin ta karanta.

Ta ce, "Kin yi gaskiya, Hajiya, wagga ba ta tsinke ba ce. Zauna in gaya miki. Gwajin iri biyu ne. Akwai na hanci, shi munka saba da shi, shi kuma baƙin sunka fi yarda da shi. Akwai kuma na miyau, yaro ya tofa a kwalba, ba zafi ba kuka. In cutar na jikinsa shi ma yana kama ta, in dai an yi shi yadda ya kamata. Muna da kwalabe kaɗan da anka ware don irin su Shamsiyya. Bambancin kawai, na hanci mu ke ɗauka da hannunmu, mun san abin da ya shiga. Na miyau kuwa sai an tsare shi."

Ta miƙo wata 'yar kwalba ta roba, tsawon ɗan yatsa, mai shuɗin murfi da jan layi a jiki. Munka gwada a nan take, ina! Tsoro ya busar da bakin yarinyar, ga shi kuma na ba ta kunu a hanya, wai ba a so a ci ko a sha kusa da lokacin. Sista Wasila ta duba agogo ta duba layin mutane.

Ta ce, "Ba a cika ba da ita a tafi gida ba, amma ke na ga kin san abin da kike yi. Gobe da safe tana tashi, kafin ta sha ruwa, kafin ta goge baki, ta tofa har ya kai jan layin nan. Ki rufe da kyau, ki kawo kafin ƙarfe tara, don tara motar ke tafiya da su ɗakin gwaji. Kada komai ya shiga ciki sai miyanta. Ba ruwa, ba abinci."

Na ce, "Ba ruwa, ba abinci. Na ji."

Talata da sassafe na zaunar da ita a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Kai, ashe tara miyau aiki ne! Ta tofa, ta tofa, duk kumfa, in kumfar ta kwanta sai ka ga ko rabin layin bai kai ba. Na ɗauko lemun tsami na yanka a gabanta ina matsawa a bakina ina yamutsa fuska, tana dariya, miyau na taruwa. Na ce ta tuna ɗanyen mangwaron gidan kawunta da gishiri. Mun fi minti arba'in a haka, kafin ya taɓa jan layin. Na rufe kwalbar na ɗaga ta sama ina kallo, na ji wani daɗi da rabona da shi tun ranar sunanta.

To, gidanmu gidan malamai ne. Surukina, mahaifin Jelani, ba na faɗin sunansa, ko yanzu ba zan faɗa ba, Malam muke ce masa. Manyan mutane ke zama a gabansa bayan asuba da littattafansu, har da alƙalai. A gidan nan ba mai fita tafiya ko asibiti bai biya ta ɗakinsa an yi masa addu'a ba. Kuma tun da anka haifi Shamsiyya ba maganin da ya taɓa shiga bakinta bai bi ta hannunsa ba. Na ruwa ne, ƙwaya ce, ko ruwan da za ta haɗiye ƙwayar, sai ya karanta ya tofa. Yana son yarinyar nan so na ban mamaki. Amaryata yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta auren mai furfura. Kwana uku ke nan yana fama da mura, muna cewa fanka ce ta buge shi.

Munka shiga mu uku. Jelani ya zauna a gefen buzu, Shamsiyya ta haye cinyar kakanta, ni na durƙusa daga bakin ƙofa kaina a ƙasa, inda na saba durƙusawa shekara sha uku. Kwalbar na hannun Jelani, don na ba shi ya riƙe mini ina ɗaura ɗankwali.

Malam ya yi tari ya goge baki da gefen rawani. Ya ce, "Mi na wanga ga hannunka?"

Jelani ya ce, "Miyanta ne, Malam, da za a kai gwaji. Shi za a duba a ce a yi aikin ko kada a yi."

Ya ce, "Ashe shi na mai hukunci. Miƙo shi nan."

Ya karɓa. Ina gani ya murɗe shuɗin murfin. Ya kawo kwalbar kusa da bakinsa, ya yi bisimilla, ya karanta abin da ya saba karantawa a hankali, idonsa a rufe. Na san abin da ke biye. Na ɗaga ido na kalli Jelani, Jelani ya kafa wa buzu ido kamar yau ya fara ganinsa. Maganar ta taho har maƙogwarona. Amma ta yaya? Ni da ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, ban taɓa ce masa komai ba bayan ina kwana da amin, yau in katse shi yana tsakar karatun Alƙur'ani in ce kada ya yi wa jikarsa addu'a?

Ya tofa sau uku. Hasken safiya na shigowa ta taga, na ga 'yan ɗigon da idona.

Ya mayar da murfin ya ce, "Allah shi sa a ji alheri. Allah shi tashi kafaɗunki, amaryata."

Na ce, "Amin." Da bakina na ce amin.

Muna fita zaure na damƙi hannun rigar Jelani. Na ce ka ga abin da ya faru kuwa? An ce kada komai ya shiga!

Ya ce, "Haba Atika, rage murya. Tofi ne fa, iska ce kawai. Ruwa anka ce da abinci. Addu'ar Malam ce za ta ɓata abu?"

Na ce mura yake yi. Ya ce to mura korona ce? Wa kinka ƙara jin ta kama a garin nan? Na duba waya, takwas da minti ashirin. Kwalba ɗaya gare mu, bakin yarinya ya bushe, mota tara take tashi. Na bar kaina na yarda da maganarsa, don ita ce mai sauƙi.

A rumfar gwaji Sista Wasila ta ɗaga kwalbar ta ga miyan ya kai layi, ta yi wa Shamsiyya tafi. Ta ce da ni, "Ba abin da ya shiga ko?"

Ga dama ta biyu Allah ya ba ni. Da na faɗa, da ta jefar da wannan ta ba mu wata, ko da za mu wuni a bencin. Amma sai na ji kunya ta rufe ni, in tsaya gaban mutane in ce surukina babban malami ya tofa miyau a kayan asibiti, su yi mana kallon jahilai. Na ce, "Babu."

Bayan la'asar ina ninke kayan da za mu tafi da su, sabon zane, ɗan bokiti, silifas ɗinta, Dakta Illo ya kira. Tun daga sallamarsa na gane.

Ya ce, "An ga cutar a miyanta. Ba za a yi gobe ba, an riga an ba wani yaro wurin. Ku keɓe ta a ɗaki. Kuma in gaya miki gaskiya, wanda ya kamu ba a buɗe ƙirjinsa sai bayan makonni. Ku yi haƙuri."

Ban yi kuka ba. Fita na yi tsakar gida na samu Jelani yana alwala, na ce masa gobe da safe zan je in faɗi abin da ya faru. Ya ajiye butar.

Ya ce, "Ki ce mi? Ki ce Malam ne mai korona? A turo mota da masu fararen kaya ƙofar gidan nan, almajiransa na kallo, a ce gidan Malam an rufe? Kin san abin da zai ji in ya gane shi ne sanadi? Zai iya mutuwa, Atika."

Na ce, "Shi shekararsa saba'in da takwas. Ita shida."

Tun da munka yi aure ban taɓa jin na tsane shi ba sai ranar.

Laraba, ranar da ya kamata a ce tana kan gadon aiki, na goya ta munka tafi. Na samu Sista Wasila na ja ta gefe na gaya mata duka, har ƙaryar da na yi mata. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Sai kawai ta dafe kai ta ce, "Innalillahi. Ni ma haka babana ke yi. Wallahi ko kusa bai zo mini a rai in faɗa ba." Ta kai mu ofishin Dakta Illo.

Ya saurara har na gama. Ya shiga wurin baƙin ya daɗe, sannan ya dawo ya zauna.

Ya ce, "Ga yadda ake ciki. Ba za su ƙara karɓar na miyau daga gare ta ba, sai na hanci, a gabansu. Wannan ɗaya. Na biyu, ko an ga ba ta da ita yau, magana ba ta ƙare ba. In cutar ta kakanta ce, to gida ɗaya suke, a cinyarsa take zama. Mai yiwuwa ta riga ta ɗauka ba ta nuna ba tukuna. Sai ta bar gidan, ta yi kwana biyar, a sake gwadawa ranar Litinin. In duka biyun sun fita lafiya, na roƙi ɗaya daga cikinsu ya ƙara kwana uku a yi mata ranar Talata. Bai ce e ba, bai ce a'a ba."

Ka ji fa. Na faɗi gaskiya, gaskiyar ma ta zo da nata ƙullin. Amma ƙofa ce, ko da 'yar ƙarama, na ce a yi.

A cikin ɗakin yara anka yi, kusa da tukunyar iska, don sun san abin da zai biyo baya. Ni na riƙe ta. Ni da na yi rantsuwa gaban jama'a shekaranjiya cewa ba mai soka mata tsinke, ni na zaunar da ita a cinyata, na harɗe ƙafafunta da nawa, na danne goshinta a ƙirjina. Tana cewa, "Inna, ai na tofa, ai ya kai layi, ke kinka ce ya kai." Sista Wasila ta zura tsinken, hannunta ko rawa bai yi ba, Allah shi saka mata. Shamsiyya ta yi ƙara ɗaya doguwa, ta ja ta biyu, ta biyun ba ta fito ba. Na ga shuɗin ya taso daga leɓe ya mamaye fuskar, idanun sunka juye, jikin ya saki. Dakta Illo ya fizge ta ya naɗe gwiwoyinta ya danna su a ƙirjinta, anka kifa mata abin iska, anka yi allura. Ina tsaye jikin bango ina kiran sunan Allah, ban san tsawon lokacin ba. Da ta farfaɗo ba ta kalle ni ba, ta juya fuska wajen bango.

Daga asibiti unguwar Minanata munka wuce, gidan yayata, ta ba mu ɗaki guda munka rufe kanmu. Alhamis sakamako ya fito. Ba ta da ita. Ba ta taɓa samunta ba. Ni ma anka gwada ni, babu.

A ranar Jelani ya gaya wa Malam, don ba yadda zai ɓoye dalilin da ya sa ba mu dawo gida ba. Ya ce mini tsohon ya sa hula ya ce a kai shi asibiti. Anka soka masa tsinke a hanci kamar kowa. Shi ne mai ita. Ba mota mai jiniya da ta zo, ba wanda ya rufe gida, an dai ce ya zauna ɗaki ya sallami masu karatu na kwana goma. Cikin mako guda murar ta warke sarai. Duk abin da Jelani ya ji wa tsoro, ko ɗaya bai faru ba.

Mu kuma muna Minanata muna ƙidaya kwanaki. Shamsiyya ta huce da ni ranar Juma'a, da na ɗinka wa 'yartsanarta riga. Tana tambaya wai in an gyara zuciyar za ta iya tsallen igiya? Na ce har sai kin gaji. Ina ta shirya ta don tsinken Litinin, ina cewa na ƙarshe ne, daga shi sai lafiya. Kullum ina taɓa goshinta sau ashirin, in ta yi atishawa in sake taɓawa.

Asabar da hantsi Dakta Illo ya kira. Ya ce an samu wani sabon nau'in cutar a duniya, ƙasashe sun fara rufe ƙofa ga masu tasowa daga Nijeriya. Baƙin sun ji tsoron kada su maƙale, sun sauya tikiti, gobe Lahadi za su tashi. Yara tara sunka yi wa aiki, uku sun rage. Ya ce, "Sun yi alkawarin dawowa. Na sa sunanta a sama."

Na ce, "Dakta, kada ka lallashe ni, ni ba yarinya ba ce. Za ta kai?"

Ya ce, "Ku kiyaye ta daga zazzaɓi da gudawa. Ta riƙa shan ruwa da yawa. Sauran na Allah ne."

Da kwana goman Malam sunka cika, munka koma Ƙofar Taramniya. Kwana biyu da komawarmu Malam ya aiko a kira ni, ni kaɗai. Na durƙusa inda na saba. Ya rame, ba don ciwo ba. Ya ce, "Atika." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ran nan. Ya ce, "Shekara hamsin ina karantar da mutane cewa in ba ka sani ba ka tambaya. Ni ban tambaya ba. Ki yafe mini."

Me zan ce? Ina da maganganu cike da ciki, na kwana da kwanaki ina tsara su. Amma da na ɗaga kai na ga hawaye na bin gemunsa, sai na rasa wanda zan zuba wa. Shi bai sani ba. Ni na sani, ina durƙushe taku uku daga gare shi. Na ce, "Allah shi yafe mana baki ɗaya," na tashi na fita. Har yau in ina neman wanda zan ji haushi, kaina nake fara samu.

Daga ranar ya daina karɓar maganinta. In an kawo sai ya ce a je a ba ta haka nan. Ita kuwa ta kafe, ta rufe baki gam, wai ba a yi wa maganin tofi ba, ba za ta sha ba. Na lallasa, na yi dabara, ta fara haɗa fuskar kuka. Dole na ɗauki cokalin da hannuna na kai masa, na ce Malam a taimaka. Ya karɓa ya yi tofin, sannan ta sha. Haka munka ci gaba, safe da yamma.

Baƙin ba su zo ba a shekarar da ta biyo. An ce bayan salla, an ce bayan damina. Shamsiyya ta daina zuwa bakin rijiya, daga baya ta daina fita tsakar gida sai a goye. A watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, da amai. Ranar ta biyu da azahar ta shiɗe ba tare da ta yi kuka ba. Na naɗe gwiwoyinta a ƙirji yadda na ga likita ya yi, Jelani ya tare mai keke, ina danne da ita muna tafiya. Ba mu kai asibitin ba. Kafin la'asar an yi mata sutura. Malam ne ya yi mata salla, an ce sau biyu muryarsa na ɗaukewa.

A watan Fabrairun da ya biyo, ina wanke-wanke da hantsi, wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar yarinya ce, mai fara'a, da gani sabuwar ma'aikaciya ce anka ba littafi anka ce ta bi suna-suna.

Ta ce, "Salamu alaikum, Maman Shamsiyya Jelani ce? Albishirinki! Likitocin zuciya sun dawo, kuma ɗiyarki ce ta farko a takarda. Ku kawo ta Lahadi da kayanta, Litinin da safe za a shiga da ita. Kuma bana an sauƙaƙa, ba sai an yi gwajin korona ba, an daina. Ku taho kai tsaye."

Na zauna a kan turmi, hannuna duk kumfar sabulu.

Ta ce, "Hajiya? Kina ji na?"

Na ce ina ji. Na gaya mata. Ta yi ta salati tana ba ni haƙuri, wai ba wanda ya gaya mata. Na ce ba laifinki ba ne, ɗiyata. Na ce wa ke bi mata a takardar? Ta ce wani yaro ne daga unguwar Gidan Dare. Na ce to ki kira uwarsa yanzu-yanzu, kada ki bari sai an jima, ki gaya mata ɗanta ya zama na farko.

Ta ce to. Ba ta kashe wayar nan da nan ba, na ji ta jawo littafin, na ji ƙarar biro a kan takarda. Ja ɗaya ta yi.